Wane ne uban 'ya'yan? Nazarin ɓeran Kalifoniya a dajin Hastings

Idan aka ga namiji da mace na wata dabba suna kwana a sheƙa ɗaya, suna tsaron fili ɗaya, suna renon 'ya'ya tare, abin da aka gani ke nan kawai. Ko wannan namijin ne ya yi cikin 'ya'yan da yake reno, wannan tambaya ce ta daban, kuma ido ba ya amsa ta. Masu nazarin tsuntsaye ne suka fara shan wannan darasi. Daga 1987, da aka soma gwada tsuntsayen daji da DNA, sai aka riƙa samun 'yan tsaki da yawa waɗanda ba namijin da ke ciyar da su ne ya haife su ba. Wani taƙaitaccen bita da aka yi a 2002 ya nuna cewa a tsuntsayen da ke zaman bibbiyu, wato namiji ɗaya da mace ɗaya, sama da kashi 11 cikin ɗari na 'ya'ya daga wani namijin waje suke.

A dabbobi masu shayarwa zaman bibbiyu ba shi da yawa tun asali. Dieter Lukas da Tim Clutton-Brock sun tattara bayanan nau'o'i sama da 2,500 a 2013, suka samu kusan kashi 9 cikin ɗari ne ke irin wannan zama. Daga cikin waɗannan 'yan kaɗan, ɓeran Kalifoniya, Peromyscus californicus, yana cikin waɗanda gwajin DNA ya gaskata abin da ido ya gani. Aikin da ya tabbatar da haka David Ribble ne ya yi shi, ya wallafa a 1991.

Dabbar da wurin

Ɓeran Kalifoniya shi ne mafi girma a cikin danginsa na Peromyscus da ke ƙasar Amurka. Babba yakan kai giram 35 zuwa 55, yana da manyan kunnuwa da doguwar wutsiya. Ana samunsa daga yankin San Francisco zuwa arewacin Baja California ta ƙasar Meziko, a cikin kurmin gajerun itatuwa da dazukan itacen oak. Da dare yake fita. Sau da yawa yakan yi sheƙarsa a cikin tarin ƙiraren da wani babban ɓeran daji, Neotoma, ya gina, ko a ƙarƙashin gungumen da ya faɗi. Wannan ya sa ba a iya leƙa sheƙar a ƙirga abin da ke ciki ba tare da an rusa ta ba.

Abubuwa biyu a jikin macen suna da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya. Nonuwanta huɗu ne kawai, kuma haihuwarta kaɗan ce, yawanci 'ya'ya biyu, da wuya ta wuce huɗu. Ciki yana ɗaukar kusan wata ɗaya, kuma tana iya sake ɗaukar wani jim kaɗan bayan ta haihu. Yawancin haihuwa a hunturu take faɗuwa, lokacin ruwan sama a Kalifoniya, wato lokacin da dare ke da sanyi ƙwarai.

Hastings kuwa fili ne na bincike a saman kwarin Carmel, a gundumar Monterey, wanda Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ke kula da shi tun 1937. Kafin gwajin DNA, Ribble da Marco Salvioni sun riga sun bi ɓerayen wurin da 'yan ƙananan na'urorin rediyo, suka wallafa a 1990 cewa filin yawon namiji da na macensa kusan ɗaya ne, ba ya shiga na maƙwabta sosai, kuma namijin yakan daɗe a cikin sheƙa tare da 'ya'ya. Saura a san na wane ne 'ya'yan.

Haɗa iyali kafin a taɓa jini

A nan ne wahalar aikin take, kuma a nan ne yawancin irin wannan bincike ke lalacewa. Gwajin uba ba shi da amfani idan ba a san wace ce uwar ba, kuma ba a san wane namiji ne ke zaune da ita a lokacin da ta ɗauki cikin ba.

Ana farawa da tarko mai kama dabba da rai. Wanda aka fi amfani da shi akwati ne na alminiyom mai naɗewa, tsawonsa kusan santimita 23, da ƙofa mai rufewa idan ɓera ya taka farantin ciki. Ana jera tarkunan a layi-layi, galibi mita 10 tsakanin wannan da wancan, kowane da lambarsa, domin a san daidai inda aka kama kowace dabba. Ana ɗana su da magariba, a sa hatsi, a sa dunƙulen auduga saboda sanyi, a duba da asuba ko ma cikin dare. Mace mai shayarwa ba a barinta ta kwana a tarko. Idan ta yi awa goma a rufe cikin daren sanyi, 'ya'yanta na iya mutuwa a sheƙa, kuma mai binciken ya ɓata abin da ya zo aunawa da hannunsa.

Duk wanda aka kama ana maƙala masa ɗan ƙarfe mai lamba a kunne, a auna nauyinsa, a duba jinsinsa da halin da yake ciki. Macen da nauyinta ya yi ta hawa mako bayan mako, sannan ya faɗi lokaci ɗaya, nonuwanta suka kumbura gashin gefensu ya zube, ta haihu. Daga ranar sai a ƙirga wata ɗaya baya, a sami lokacin barbara.

Dabarar da ta fi ba da sha'awa ita ce ta hoda mai ƙyalli. Ana saka mace mai shayarwa a cikin 'yar jaka da ke ɗauke da hoda mai launi, a ɗan jujjuya ta har hodar ta shiga gashinta, a sake ta a inda aka kama ta. Ta koma sheƙa, ta kwanta da 'ya'yanta da duk namijin da ke ciki. A dararen da suka biyo baya, duk ɓeran da aka kama sai a haska shi da fitilar altarabayolet, mai sa hodar ƙyalli, a cikin duhu. Wanda ya kwana jikinta zai yi ƙyalli, musamman a cikin kunne, gefen baki, tsakanin yatsu da ƙarƙashin ciki, wuraren da lasa ba ta gogewa da wuri. Ƙaramin da ya fito da launinta ɗanta ne, ko aƙalla a sheƙarta ya tashi. Babban namijin da ya fito da launin shi ne ake ɗauka a matsayin mai gidan.

Hodar tana da saurin yaudara idan aka yi sakaci. Ƙwaya kaɗan da ta maƙale a cikin tarko za ta shafi ɓeran da ya shiga washegari, ko da bai taɓa haɗuwa da macen ba, don haka tarkon da mai hoda ta shiga sai an cire shi an wanke. Haka jakar riƙe dabba da hannun mai aiki. Matan da ke maƙwabtaka dole kowace ta sami launinta daban, kuma a rubuta, don launin ruwan lemo da ja sukan rikice a ƙarƙashin fitila idan hodar ta yi ƙaranci. Ruwan sama da raɓa suna rage ta. Faɗa ma yana iya ɗaukar ɗan launi daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ɗigo ɗaya a baya ba hujja ba ce. Abin da ake nema shi ne launi mai yawa, a wurare da dama na jiki, a dare fiye da ɗaya, kuma ya dace da abin da tarko ya nuna game da filin da namijin ke yawo.

Abin da ake yi a ɗakin gwaji

Hanyar da ake da ita a lokacin ita ce wadda Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. Ana ciro DNA daga ɗan jini ko ɗan nama, a yanyanka shi da wani sinadari mai yanka a wurare sanannu, a zuba a kan jel, wato wani daskararren abu mai laushi, a sa wutar lantarki. Gajerun guntaye suna tafiya da sauri, dogaye suna jan jiki, sai su rabu bisa tsawonsu. Daga nan a kwafe su a kan wani siririn ƙyalle, a zuba wani guntun DNA mai alama wanda ke manne wa wuraren da jerin haruffan DNA ke maimaita kansu, a ɗauki hoto a kan fim irin na asibiti. Kowace dabba tana fitowa da jerin layuka a tsaye, kamar zanen da ake gani a bayan kayan kanti.

Ƙa'idar karatun ɗaya ce: duk layin da ke jikin ɗa dole a same shi a wajen uwa ko a wajen uba. Sai a jera uwa, 'ya'ya da namijin da ake zato a kan jel ɗaya, gefe da gefe, domin jel biyu ba sa tafiya daidai. A cire layukan da ɗan ya samu daga uwa. Sauran kaf ya kamata su kasance a layin namijin. Layi ɗaya da ba a samu a wajen kowa ba yana iya zama sabon canji ne da ya faru a ƙwayar halitta, don waɗannan wurare suna saurin canzawa. Layuka biyar ko shida baƙi kuwa, wannan wani uban ne.

Ribble ya gwada iyalai 28 a cikin shekara biyu, mafi yawansu cikakku, wato uwa, namijin da hoda ta nuna, da 'ya'ya. A cikakkun iyalan duka 'ya'yan na wannan namijin ne, a sauran ma alamu sun nuna uba ɗaya ne. Ba a sami ko ɗaya daga waje ba. Ya kuma ga cewa ɓera ba ya sauya abokin zama sai idan na farkon ya mutu ko ya ɓace.

Ina iyakar wannan sakamako

Sifili a cikin 28 ba ya nufin abin ba ya faruwa sam. Akwai lissafi mai sauƙi: idan aka duba sau n ba a ga abu ba, iyakar da za a iya cewa da tabbacin kashi 95 cikin ɗari ita ce yawansa bai wuce 3 a raba da n ba. Uku a raba da 28 ya kama kusan kashi 11 cikin ɗari. Wato da a ce iyali ɗaya cikin ashirin yana da ɗan waje, ana iya duba 28 a rasa shi. Abin da binciken ya kore shi ne yawa irin na tsuntsaye da yawa da na wasu ɓeraye. Ya nuna abin ƙalilan ne ƙwarai idan ma akwai, kuma wannan ma babban abu ne.

Na biyu, 'ya'yan da suka rayu har suka fito suka shiga tarko, wajen mako huɗu zuwa biyar da haihuwa, su kaɗai aka gwada. Waɗanda suka mutu a sheƙa ba su shiga lissafi ba. Idan akwai dalilin da zai sa ɗan waje ya fi saurin mutuwa, tarko ba zai nuna ba. Maganin wannan shi ne gwada 'ya'yan da ke cikin mahaifa, ko a riƙe mace mai ciki ta haihu a keji, amma kowace hanya tana da tsadarta: ta farko tana kashe uwar, ta biyu tana raba ta da filinta da mijinta.

Na uku ya shafi ƙanƙantar haihuwa, kuma mutane da yawa ba sa lura da shi. Akwai gajeriyar hanya ta gano uba fiye da ɗaya ba tare da an kama ko namiji ɗaya ba. Kowane namiji yana da kwafi biyu ne kacal a kowane gurbi na ƙwayar halitta. Idan aka cire gudummawar uwa, aka sami kwafi uku daban-daban a cikin 'ya'yan ciki ɗaya, to uba ya wuce ɗaya. Amma 'ya'ya biyu ba za su taɓa nuna kwafi uku na uba ba. A ɓeran da ke haihuwar biyu, wannan hanya makauniya ce, za ta riƙa ba da amsar uba ɗaya ko da ba haka ba ne. Kuma ko a haihuwa mai yawa, ba ta gane cikin da baƙo ɗaya ya yi shi gaba ɗaya. Abin da ya ba aikin Hastings ƙarfi shi ne an sami DNA na namijin da ke cikin sheƙar an gwada shi kai tsaye.

Idan za a maimaita aikin yau

Yanzu ba a cika amfani da fim da layuka ba. Ana yanke ɗan ƙaramin nama daga gefen kunne, kamar milimita biyu, a jefa a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95, a wanke almakashi tsakanin dabba da dabba. Sai a ninka wasu zaɓaɓɓun gurabe da PCR, wato hanyar yawaita kwafin DNA a ɗakin gwaji, galibi gurabe 8 zuwa 15 na gajerun maimaici, ko kuma dubban gurabe masu bambancin harafi ɗaya. Kowane gurbi yana ba da lamba biyu, tsawon kwafin uwa da na uba.

A ɗauki misali. Uwa tana da 152 da 160, ɗa yana da 152 da 168. To 168 daga uba ya zo. Namijin sheƙa yana da 164 da 168, ya dace. Maƙwabcinsa yana da 156 da 160, ya fita. Haka za a bi gurbi bayan gurbi.

Kurakuran wannan hanya sun fi karkata ga ɗora wa mace laifin da ba ta yi ba. Mafi yawa shi ne ɓoyayyen kwafi: wani canji a gefen gurbin yana hana PCR kama shi, sai kwafin ya ƙi fitowa. Uban da ke da 168 da ɓoyayye zai fito kamar 168 sau biyu. Idan ya ba ɗansa ɓoyayyen, ɗan zai fito kamar 152 sau biyu, a ga kamar babu abin da ya haɗa su. Ana gane gurbi mai wannan matsala idan dabbobin da ke fitowa da lamba ɗaya sau biyu sun yi yawa fiye da yadda lissafi ya ba da, kuma gara a jefar da gurbin. Irin wannan yana faruwa idan DNA ya yi kaɗan ko ya lalace, kwafi ɗaya ya ɓace a gwaji ɗaya ya dawo a na biyu. Shi ya sa ba a kore uba da saɓani a gurbi ɗaya. Sai an sami biyu ko fiye, kuma an maimaita gwajin.

Kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen shi ne dangantaka. Ribble ya nuna a 1992 cewa a wannan ɓera mata ne suka fi yin nisa da inda aka haife su, maza sukan zauna kusa. Ma'ana maƙwabcin namiji yana iya zama ɗan'uwansa ko ubansa, kuma 'yan'uwa suna tarayya a kusan rabin kwafinsu. Da gurabe biyar ko shida, ɗan da ƙanin mai gida ya haifa zai iya wucewa a matsayin na mai gida. Ƙarin gurabe ne kawai maganinsa. Manhajar Cervus, wadda aka fitar a 1998, tana auna wane namiji ya fi dacewa da tazarar da ke tsakaninsa da na biyu, amma sai an gaya mata maza nawa ne a yankin da kashi nawa aka kama. Wanda ya ce ya kama kashi 95 alhali rabi ya kama, manhajar tana iya ba shi uba da tabbaci, alhali uban ƙarya ne. Matan da ke bakin filin tarko su suka fi jawo wannan, don maƙwabtansu na waje ba su taɓa shiga hannu ba.

Sai batun lokaci. A ce namiji ya yi wa mace ciki, mujiya ta ɗauke shi bayan mako ɗaya, wani ya shigo sheƙar. Hoda za ta nuna sabon, DNA zai kore shi, a rubuta cewa macen ta fita waje. Ba a kauce wa wannan sai da tarko a kai a kai, yadda za a san wa ke wurin wata ɗaya kafin haihuwa.

Me ya tsayar da namijin a gida

David Gubernick da Taye Teferi sun gwada wannan a daji, suka wallafa a 2000. Sun cire maza daga wasu sheƙu bayan haihuwa, suka bar wasu. 'Ya'yan da suka rayu har suka fito sun ragu sosai a inda babu uba. Ba nono yake bayarwa ba, ɗumi yake bayarwa: yana kwanciya a kan 'ya'yan lokacin da uwar ta fita neman abinci, yana lasarsu, yana dawo da wanda ya fita. Jaririn ɓera tsirara ake haifarsa, ba ya iya riƙe zafin jikinsa. A ɗakin gwaji mai ɗumi da abinci a gaba, mace ita kaɗai tana iya reno, shi ya sa amfanin uban bai fito ba sai da aka sa sanyi, ko aka sa ɓerayen gudu a kan taya kafin su sami abinci.

Idan aka haɗa wannan da yadda mata suke warwatse, kowace a filinta, da ɗan gajeren lokacin da mace ke karɓar namiji bayan haihuwa, lokacin da mijinta yake manne da ita, sai a ga ribar yawo kaɗan ce, asararsa kuwa 'ya'ya biyun da ke sheƙa. Wanne ya fara zuwa a tarihin nau'in, renon uba ko tsaron mace, har yanzu ana muhawara. Lukas da Clutton-Brock suna ganin warwatsuwar mata ce ta fara, reno ya biyo baya.

Kada a ɗauka kowane ɓera mai zaman bibbiyu haka yake. Ɓeran filayen ciyawa na tsakiyar ƙasar Amurka, Microtus ochrogaster, shi ya fi kowa suna a wannan fage. Lowell Getz na Jami'ar Ilinoyi ya yi ta sake kama namiji ɗaya da macensa tare a tarko ɗaya tun shekarun 1970, kuma a kan wannan ɓera aka gina yawancin binciken yadda sinadaran oksitosin da basofuresin na ƙwaƙwalwa ke shafar shaƙuwar namiji da mace. Amma da Nancy Solomon da abokan aikinta suka gwada cikin matan da aka kamo daga daji, suka wallafa a 2004, biyar cikin tara suna ɗauke da 'ya'yan uba fiye da ɗaya. Tara adadi ne kaɗan, ba za a gina kaso a kansa ba, amma ya isa ya nuna abin ba baƙo ba ne. A wannan nau'in akwai mazan da ba su da sheƙa, suna ratsa filayen wasu, kuma ciyawar da suke ciki takan cika da ɓeraye a shekarun yalwa, maƙwabta kusa da kusa. Alexander Ophir da abokansa sun bi su da rediyo a cikin shingayen fili a 2008, suka samu cewa masu zaman bibbiyu sun fi samun 'ya'ya, amma daga cikinsu akwai maza da mata da ke barbara a waje, su dawo sheƙarsu su kwana.